Dariyar da Auta Ta Tura

Tun ranar da Abba ya ce a dakata da maganar Mai Tanka sai ya yi nazari, Auta ba ta ƙara jin daɗin abinci ba. Nazarin nan kuwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da shi aka shiga bazara, ga shi har mangwaro ya fara ja da baya a kasuwa, hadari na leƙowa daga gabas yana komawa, amma Abba bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Laifin Mai Tanka guda ɗaya ne. Ba ya shaye-shaye, ba ya wasa da salla, ba a taɓa jin sa da wani ba. Tankar ce dai ba ta ruwa ba, ba ta mai ba. Motar zuƙe masai ce, wadda ya saya bayan ya gama karatu ya gaji da yawon neman aiki. Da ita ya gina ɗakunansa, da ita yake riƙe mahaifiyarsa. Amma a gidan su Auta, da an ambace shi sai ka ga ana yamutsa fuska kamar a lokacin aka buɗe ramin.

Wadda ta fi kowa yamutsawa ita ce Goggo, ƙanwar Abba, kuma ba don Allah take yi ba. Ɗanta take wa kamun ƙafa, wanda yake zaune a ƙasar waje, dangi na kiransa Ɗan Gayu. Tun farkon zafi ta zo gidan da sunan ganin likitan ido, ido ya warke, Goggo ba ta da niyyar tafiya.

Ita ce ta buɗe guruf ɗin dangi a waya, ita ce kuma sarauniyarsa. Kowa na ciki: Yaya Babba da aure ya kai ta nesa, Kawu da iyalinsa, yaran da ke karatu a garuruwa, tsofaffin maƙwabta, har da ƙawayen Goggo da ba wanda ya san ta ina aka haɗu. Doka ɗaya ce a wurin, duk abin da Goggo ta turo sai ka tanka. In ka yi shiru, gobe za ka ji sunanka a saƙon murya: “Wance ta yi kuɗi, ta daina ganinmu.” Shi ya sa kowa ya koyi dabara. Ba sai ka buɗe ba, ka duba abin da na sama suka sa kawai. In amin ce ka ce amin, in dariya ce ka yi dariya, ka tsira da mutuncinka.

Ranar da abin ya faru, kantin maganin da Auta take aiki ya cika maƙil. Babu wuta tun safe, fanka ta tsaya, ga masu zazzaɓi, ga uwaye da jarirai duk ƙurajen zafi. Wayarta na cikin aljihun farar rigarta tana ta zillo. Sai da ta samu sarari wajen azahar ta ciro ta duba a tsaitsaye.

Labaran kullum ne. Akuyar matar Kawu ta haifi biyu. Yaron Yaya Babba ya fara haƙori, zawo ya hana su barci. Wani ya ce an yi ruwan farko a garinsu, iska ta yaye rufin kicin. Ɗan Gayu ya turo hotonsa a ƙarƙashin wata bishiya mai furanni, ya tura baki gaba, ya rubuta wai sanyi ya tafi, saura mai ɗebe masa kewa. Auta ta ja tsaki ta wuce.

Can ƙasa sai ga bidiyon Goggo, an rubuta “Labarin gidan Yaya na yau,” wato gidan Abba. A ƙarƙashinsa dariya ce jere reras, daga Kawu har ƙawayen Goggo. Datarta ta kusa ƙarewa, ga wata mata na buga kanta tana neman maganin tari. Auta ta danna fuskar nan mai dariya har da hawaye, ta ƙara da cewa, “Kai Goggo, Allah ya bar mana ke!” Ta mayar da wayar aljihu ta ci gaba da aikinta.

Ni dai na ce, da yatsa yana da ido, da nata ya karye kafin ya taɓa wurin.

Bayan la'asar ta hango Mai Tanka a ƙofar kanti. Ya yi wanka fes kamar kullum, fararen kaya, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ta saki murmushi tana jiran ya ce “Likita, a ba ni maganin ciwon so,” yadda ya saba tsokanarta.

Bai ce ba.

“In kin samu dama ina waje,” ya faɗa, ya juya.

Ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata kanta, ta bi shi ƙarƙashin rumfar da ke gefen kantin.

“Yallaɓai, lafiya? Ko jikin Mama ne?”

“Mama lafiyarta ƙalau.” Ya miƙo mata wayarsa. “Kalli.”

Ta karɓa. Bayan gidansu ta fara ganewa, ga igiyar shanya, ga tsohon bokitin Umma. Daga tagar ɗaki aka ɗauka, ta gefen labule. An ɗage murfin ramin masai, tiyo na ciki, shi kuma yana durƙushe a bakin ramin da takalman roba da takunkumi, rigarsa ta manne da gumi. Tiyon ya toshe. Ya zura hannu mai safa har kafaɗa, ya zaro wani dunƙulen tsumma da leda baƙi ƙirin yana ɗiga, ƙudaje suka tashi buu.

Sai muryar Goggo, ƙasa-ƙasa, tana danne dariya.

“To jama'a, assalamu alaikum. Ga angon Auta nan a ofis. Kun ga ana sa hannu a takarda. Wannan hannun ne za a miƙa wa Yaya ranar gaisuwa. Masu zuwa biki, kowa ya taho da audugar toshe hanci.”

Wata ta ƙyalƙyale a gefenta. Hannun da ke riƙe da labulen ya motsa, awarwaro biyu suka yi ƙara. Auta ta san awarwaron nan, ita ta sayo wa Umma su da albashinta na farko.

Ba abin da ke hannunsa ne ya tayar mata da zuciya ba, wallahi ko kaɗan. Dariyar ce.

“Yaushe… yaushe ka je gidanmu?”

“Da safe, bayan kin fita. Umma ce ta kira ni da kanta.” Ya yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. “Ɗana ta ce mini. Ta ce rami ya cika, wari ya hana su sakat, kada in gaya miki don kada ki ji nauyi. Kin san ban taɓa jin ta ce mini ɗana ba? Na soke aikin da nake da shi na taho, ina tuƙi ina murna kamar wawa. Na ɗauka ƙofa ce ta buɗe.”

“Wa ya turo maka wannan?”

“Ɗan'uwanki na waje. Lambata na rubuce a jikin mota, ta fito a bidiyon. Bai tsaya nan ba, ja ƙasa.”

Ta ja. Hoton guruf ɗin ne, an zagaye wuri ɗaya da jan layi. Sunanta, fuska mai dariya har da hawaye, da “Kai Goggo, Allah ya bar mana ke!” A ƙasa Ɗan Gayu ya rubuta masa: “Malam, ka ji daga bakin mai ita. A kama sana'a.”

Ta dafa ƙarfen rumfar.

“Wallahi tallahi ban kalla ba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa ban buɗe ba. Haka muke yi dukanmu, in ta turo abu sai mu bi na sama. Ban san kai ba ne. Da na sani…” Kuka ya ci ƙarfinta.

Ya bar ta ta yi mai isarta, yana kallon titi.

“Na yarda,” ya ce.

Ta ɗago da sauri.

“Na yarda ba ki kalla ba. Tun a hanya na gaya wa kaina haka, don na san ki. Kuma ki sani aikina ba ya ba ni kunya. Abin da na zaro daga ramin nan ba daga gidanmu na zo da shi ba. An yi mini dariya a titi, yara sun bi motata da waƙa, ko a jikina.”

“To ka yafe mini, don girman Allah.”

“Ba yafiya ce matsalar ba, Auta.” Yau ko Likitar babu. “Ina zaune a mota ina kallon sunanki a cikin nasu, sai na ga ya zauna daram, bai yi bare ba. Na tambayi kaina, duk watannin nan da ake yankana a wurin nan, me take cewa? Ko sau ɗaya kin taɓa tanka musu?”

Ba yau Goggo ta fara ba. An yi habaicin turare, an yi na sabulu, an turo hoton ungulu an ce ga motar amarya. Duk tana gani, tana wucewa, tana cewa a ranta ba girmanta ba ne.

“Ina gudun fitina ne,” ta ce da ƙyar. “Ina gudun kada Abba ya ce na yi rashin kunya ya ƙara ƙin maganar.”

“Na sani. A zaure kina ce mini ba ki da kowa sai ni, a hankali, kina waige. A inda suke ji kuwa ba ni da kowa.” Ya share ido da bayan hannu. “Mama ta ga bidiyon nan. Ƙanwata ta nuna mata kafin in hana. Tsohuwar nan ba ta ce komai ba, ta tashi ta ɗauko kayan aikina ta hau wankewa, tana wanki tana hawaye. Ki gaya mini da wane baki zan ce mata gidan nan nake so ta je neman aure?”

“Kada ka bar ni. Ka yi mini komai, amma kada ka bar ni.”

“Ban ce na bar ki ba. Amma ƙafata ba za ta ƙara taka gidanku ba, ta gaba ko ta baya, sai in Abbanki ne ya aiko a kira ni. In bai aiko ba, to Allah ya haɗa kowa da rabonsa.”

Ya karɓi wayarsa a hankali, ya tafi bai waiwayo ba.

Ba ta san yadda ta isa gida ba. Tana shiga ta ji iskar tsakar gidan ta canza. Warin da ya kwana biyu yana hana su cin abinci a waje ya tafi, sai ƙamshin maganin da Mai Tanka ya zuba, har simintin bakin ramin ya wanke musu tas. Takalman Abba na ƙofar ɗakinsa, ya dawo daga kasuwa ke nan.

Goggo na baje a tabarma a daidai inda jiya ba ta iya zama, tana shan mangwaro. Ruwansa na bin hannunta har gwiwar hannu, zare ya maƙale mata a haƙori, tana tsotsar ƙwallon tana latsa waya da ɗan yatsa mai danƙo. Umma na gefe tana tsintar shinkafa.

“A'a, ga 'yar gari!” in ji Goggo. “Ke ma ashe abin ya ba ki dariya? Na ce ai Auta ta fara hankali. Ɗan'uwanki tun ɗazu yake kira, ya ce kin faranta masa.”

Auta ba ta ko kalle ta ba. Ta tsaya a gaban Umma.

“Umma, ke kika kira shi?”

Umma ba ta ɗago ba. “To wa zan kira? Ba sana'arsa ba ce?”

“Kika ce masa ɗana.”

“Ke, kada ki tsare ni da ido. Wasa ne Goggonki ta yi, na ce kada ta tura, ta tura.”

“Ke kika riƙe mata labule, Umma. Na ga awarwaronki.”

Hannun Umma ya tsaya a cikin shinkafar.

Goggo ta wurgar da ƙwallon mangwaro. “Ji mini 'ya! Uwarki kike tuhuma a kan mai kwasar kashi? Ƙarya muka yi masa? Ba shi ba ne a ramin? Mu danginmu ba a taɓa kawo mana ƙazanta ba, ba kuma za a fara a kanki ba. Ga yaro ɗan'uwanki, fes da shi, ko ƙuda bai sani ba…”

“Goggo, ramin na waye?”

“Me kika ce?”

“Na ce abin da ya kwashe, na waye? Tun farkon zafi kike gidan nan.”

Goggo ta saki baki, ta dafe ƙirji, ta fara salati. Umma ta daka tsawa. Auta dai ta riga ta yi nisa. Ta ciro waya, ta buɗe guruf ɗin, ta danna wurin ɗaukar murya a gabansu.

“Assalamu alaikum, Kawu, Yaya Babba, da duk wanda ke nan. Auta ce. Yau na yi dariya a kan abin da ban kalla ba, na kuma tsani kaina. Ku kuwa da kuka kalla kuka yi, ban san me zan ce muku ba. Mutumin nan kiransa aka yi, ya bar aikinsa ya zo ya kwashe ƙazantar gidanmu don yana ganin girman iyayena. Aka ci moriyar ganga aka ya da kwaurenta, aka laɓe a taga ana ɗaukarsa kamar ɓarayi. Tir da wannan hali, wallahi ƙyamarmu nake ji. Kai kuma da ka tura masa don ka ƙona masa rai, ka ji da kyau, ko maza sun ƙare ba na yi da kai. Shi nake so. Hannun nan da kuka yi wa dariya, shi nake so ya riƙe ni. Na faɗa a inda kowa ke ji.”

Ta saki. Saƙon ya tafi.

Can sai suka ji muryarta ta sake tashi, daga farko, a cikin ɗakin Abba. Yana saurare. Da ta ƙare aka ɗan jima, sai muryar Goggo ta biyo baya: “Ga angon Auta nan a ofis…” Ya koma sama ya buɗe bidiyon.

Goggo ta jawo mayafi ta goge hannu. Umma ta ajiye tiren shinkafa.

Abba ya ɗaga labule ya fito, wayar na hannunsa, tabarau a karan hanci. Bai dubi Auta ba, matarsa ya duba.

“Kin ce mini masu mota kika samo a titi.”

Umma ta sunkuyar da kai.

“Yaron nan tun yaushe yake gidan nan yau?”

“Tun hantsi… har azahar.”

“Cikin ranar nan.” Ya gyaɗa kai. “An ba shi abinci?”

Umma ta kau da kai.

“Ruwa fa? Ko ruwa an ba shi?”

Goggo ta yi karaf, don ita bakinta ba ya iya zama. “An ba shi mana, Yaya. Ni da kaina na zuba masa a gwangwanin madara na ajiye masa a ƙasa. Ai ba a ba shi a kofin da kake sha ba, ka kwantar da hankalinka. Gwangwanin ma na sa a shara.”

Auta ta toshe baki da hannu biyu. Wannan Mai Tanka bai gaya mata ba.

Abba ya daɗe a tsaye. Tunda take ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda ya taka abu da ƙafa babu takalmi.

“Gobe ki haɗa kayanki,” ya ce wa Goggo. “Ki gaya wa ɗanki ya nemi mata a inda yake.” Goggo ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu, ta rufe.

Sannan ya juyo ga Auta, muryarsa ta yi laushi.

“Gaskiya kika faɗa, Allah ya yi miki albarka. Yanzun nan zan sa hula in je gidansu da ƙafata, in durƙusa wa mahaifiyarsa in ba ta haƙuri.”

Wani sanyi ya ratsa ta. Ta zube a gabansa tana kuka tana dariya. “Na gode Abba, Allah ya ƙara girma, Allah ya…”

“Tsaya, ban gama ba.”

Ta ɗago.

“Nazarin da nake yi, jiya na gama shi. Na yi bincike, ban samu yaron nan da aibu ba. Niyyata ranar Juma'a in ce ya turo manyansa.” Ya cire tabarau, ya share ido da bakin riga. “Amma suruki ɗa ne, Auta. Mutum ne da zai zauna a tabarmata in yi masa faɗa, in kalli idonsa in ce riƙe mini 'yata da mutunci. Da wane ido zan kalli wanda aka ba ruwa a gwangwani a gidana? Kullum ya gaishe da uwarki, taga zai tuna. Kullum kuka saɓa, ke za ki biya. Ba shi ne bai kai ya shigo gidan nan ba. Mu ne ba mu kai ba.”

“Abba, don Allah… ya ce in ka aika zai zo. Kai kawai yake jira.”

“Haƙuri zan je bayarwa,” in ji Abba, yana zura takalmansa. “Ba zan aika ba.”